Jinjirin Watan da ke Wayar Shu'ibu Mai Fito

Duk wanda ya taɓa tsallake fadamar da ke gabas da Kirikasamma da damina ya san Shu'ibu mai fito, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa kamar gorar da yake tura kwale-kwale da ita. Ya rasu bara, ana tsakiyar yankan shinkafa, yana da shekara sittin da 'yan kai. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

A Tungar Goruba aka haife shi, wani ɗan tudu mai gidajen da ba su kai goma ba, wanda ruwa ke zagayewa wata uku ko huɗu duk shekara. Iyayensa sun rasu a damina ɗaya, suka bar shi yana saurayi da ƙanwa 'yar shekara biyar, Bara'atu. Shi ya zame mata uwa da uba. In zai fita fito ba shi da wanda zai bar wa ita, sai ya zaunar da ita a goshin jirgi, ya ɗaure ƙugunta da tsohon rawanin mahaifinsu, ya ɗaura ɗaya bakin a nasa ƙugun. Haka mutane suka riƙa ganinsu shekara da shekaru, shi a tsaye, ita a zaune tana wasa da ruwa. Ya yi aure sau ɗaya. Matarsa Suwaiba ta rasu ba su haihu ba, bai ƙara yin wani ba. Da Bara'atu ta girma ya aurar da ita a Malam Madori, ya dawo tunga ya ci gaba da zama shi kaɗai.

Abin da aka fi saninsa da shi tsummokara ne. Kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye fadama, tana mai da ko'ina iri ɗaya. Mutum sai ya shiga da hantsi ya yi ta zagaye har la'asar bai fita ba. Shu'ibu yakan sare hanya a cikinta da adda, ya kafa sanduna, ya ɗaura wa kowace alama. Farin tsumma, nan ce hanya. Ja, akwai kututture a ƙasa, a kauce. Tsohon takalmi a kan sanda, ruwan wurin ya fi ƙarfin gora. A mashigar tunga kuwa gwangwanayen madara biyu ya rataya, iska na kaɗa su, don wanda ruwan sama ya hana shi gani ya bi da kunne.

Amininsa Munzali, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Hadejia, wanda suka yi samartaka tare suna kai kifi kasuwa, ba ya zuwa bai tsokane shi ba.

"Sarkin Ruwa, ka mai da fadama shanyar amare. Kai da ka san hanyar nan ido rufe, me za ka yi da wannan tarkace?"

"Ɗan birni, ai ba don ni na ɗaura ba," in ji Shu'ibu. "Don baƙo ne, da wanda tsoro ya kama. In mutum ya tsorata, ko ƙofar ɗakinsa sai an nuna masa."

Duk sati yana da rana ɗaya da yake jira. In an sauko daga Juma'a a ƙauyen tsallake ya dawo gida, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin goruba, ya ɗora 'yar wayarsa a gwiwa. Ba a daɗewa take ƙara. Bara'atu ce. Ta gaida shi, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ta tambayi akuyoyi da ruwa, ta ba shi labarin 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ta "Madalla, Auta. To madalla." Shekara goma sha ana haka, bai taɓa kiranta da kansa ba. Ba girman kai ba ne, haka aka taso: ƙarami ke zuwa gaida babba. Wayar ma ƙarama ce mai madannai, an ɗaure ta da roba, lambobin sun goge. Amma babban yatsansa ya san ta. Kore na hagu, ja na dama, ko cikin aljihu ba ya kuskure.

A farkon daminar bara wayar ta faɗa ruwa, yana kokawar jawo maraƙin wani Bafulatani cikin jirgi. Da labari ya kai wa Bara'atu sai ta zo da kanta, ta kawo masa sabuwa, babba, irin ta shafawa, da ɗan farantin sola na caji. Ta zo kuma da wata magana da ta daɗe tana cin ta.

"Yaya, idon nan naka fa ya yi nisa. Ɗazu a bakin ruwa sai da na yi sallama ka gane ni."

"Rana ce ta haske min ido."

"Ka taho Malam Madori. Ɗakin zaure na nan a share, baban yara da kansa ya ce in faɗa maka. A kai ka asibiti a duba yanar nan."

"In zauna a zauren suruki ina korar ƙuda? Wa zai yi wa mutane fito?"

"In ka faɗa ruwa a nan, wa zai sani?"

Nan ransa ya ɓaci. "Auta, ni na ɗaure ki da rawani a jirgin nan don kada ki faɗa ruwa. Yau ke za ki koya min ruwa? In a kan wannan maganar za ki riƙa kirana, to ki bar kiran."

Tun kafin ya rufe baki ya yi nadama, amma maganar ta riga ta fita. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Yaya." Ya tsallakar da ita. A bakin gaɓa ta karɓi wayar, ta nuna masa cikin sauri. "In ta yi ƙara, ka ja wannan sama. In kai za ka kira, ka shafa nan, ka taɓa nan, ka taɓa nan." Ta hau babur ɗin haya ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Da ya koma gida ya juya wayar a hannu ya sake juyawa. Santsi gaba da baya, kamar an wanke faranti. Ba kore, ba ja, ba abin da yatsa zai kama. In ya taɓa gefenta sai ta yi haske, ga agogo, ga waɗansu 'yan da'irori da zane-zane a jere, ba rubutu ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Waɗanda suka ƙera ta sun share komai don ta yi kyau, sun share har da abin da zai gaya wa mutum inda yake. Ya sa ta a leda saboda ruwa, ya rataya a wuya.

Ranar Laraba ruwan sama ya kama shi a tsakiyar fadama. Da ya isa gaɓa ya ciro ta ya ga ɗigon ruwa a fuskarta, ya kama bakin rigarsa ya goge, sama da ƙasa, sama da ƙasa. A cikin gugar nan wani labule ya sauko a fuskar wayar ya koma, bai lura ba. Abin da ya gani daga baya shi ne wani ɗan jinjirin wata, fari, siriri, ya fito a can sama kusa da agogo.

Ya nuna wa Tasi'u, wani manomin shinkafa da yake tsallakarwa kullum. Tasi'u ya kanne ido ya duba.

"Baba Shu'ibu, ai wata ne. Ka ga wayar Musulunci ke nan. Ina jin in wata ya kama take nunawa."

"Ikon Allah. To ai shekaranjiya ya tsaya."

"Ka gani? Hajiya Bara'atu ba za ta sayo maka ta banza ba."

Shu'ibu ya ji daɗi har cikin ransa. Ya yi addu'ar ganin wata, ya shafa, ya mai da ita leda. Ba shi ba, ba Tasi'u ba, ba wanda ya san cewa a wurin maƙeran wayar wannan wata alamar barci ce. Ma'anarta mai waya yana hutawa, kada a dame shi. Daga ranar duk wanda ya kira, wayar ba ta ƙara, ba ta motsi, ba ta haske. Kuma ba ta faɗa ba. Kalma ɗaya da ta isa, amma ba a rubuta ba.

Juma'a ta zo. Ya dawo daga masallaci, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora wayar a gwiwa. Ya riga ya shirya abin da zai ce. Ba zai ba ta haƙuri kai tsaye ba, zai dai tambaye ta ko ɗakin zauren nan yana da taga, ita za ta gane. Inuwar goruba ta matsa daga ƙafarsa ta koma bayansa. Aka kira la'asar a tsallake. Ya tashi ya yi alwala.

"Tana fushi," ya ce wa akuyarsa. "Ta yi gaskiya. Sati mai zuwa."

Sati mai zuwa ma haka. Na bayansa ma haka.

Ruwa ya yi ta ƙaruwa. A wannan shekarar ya zo da ƙarfi, ya shanye shinkafar da ke kwari, ya yanke hanyar babur. Maƙwabta suka kwashe mata da yara da tukwane suka koma tudu a Kirikasamma, shi ya tsallakar da su gida bayan gida. Suka yi suka yi ya bi su, ya ce wa zai kula da alamomi in ruwa ya ture su. Gaskiyar magana, a gindin gorubar nan ne kawai sabis ke kamawa sosai, kuma nan Bara'atu ta san yana zama. Tasi'u ma da gonarsa ta nutse ya daina zuwa. Tunga ta rage daga Shu'ibu sai akuyoyi uku da ƙarar gwangwani.

A Juma'a ta huɗu ya yanke shawarar abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in ƙarami ya ƙi zuwa, babba ya je, ba wanda zai gani. Ya goge hannu a riga, ya kawo wayar dab da idonsa mai ɗan gani. Ka shafa nan, ka taɓa nan, ka taɓa nan. Wane nan? Da'irorin duk girmansu ɗaya. Ya yi bisimilla ya taɓa guda. Sai ga wani tsoho ya cika fuskar wayar, gemu fari, ido ɗaya ya yi fari fat, baki a buɗe. Ya ɗan jima kafin ya gane shi ne. Rabonsa da madubi tun rasuwar Suwaiba. Ya nemi hanyar komawa baya, babu. A fadama ko yaro ya ɓata, in ya juya zai ga farin tsumma. A nan ya taɓa sama, ya taɓa ƙasa, tsohon na nan yana kallonsa. Ya kife ta a tabarma har ta gaji ta yi duhu da kanta. Bai sake gwadawa ba.

Akwai wani ɗan ɗigo ja da ya lura da shi a kafaɗar ɗaya daga cikin da'irorin, bai kai ƙwayar gero ba. Ya ɗauka jinin kifi ne ya bushe. Ya sa farce ya kankara, ya ƙi fita. Ya tofa yawu ya goge, yana nan. Ya ƙyale shi. Wannan ɗigon shi ne duk abin da wayar ta ga ya dace ta faɗa game da kiran da ake yi masa.

Daga nan ya fara sakin jiki. Yakan fita da safe ya gyara sandunan da ruwa ya kwantar, ya sabunta tsumma, ko da yake ba mai wucewa sai jefi-jefi. Ya yayyaga tsohuwar farar rigarsa don ya samu na ɗaurawa. Girki kuwa ya koma sau ɗaya a yini, wata rana ma sai ya jiƙa gari ya sha. Zazzaɓi ya shige shi, ya riƙa zuwa yana tafiya. Amma kowace safiya sai ya fitar da farantin sola rana, ya cika wayar taf, kada a kira a tarar ta mutu. Abu ɗaya ya ɗan dame shi: wata ya yi goma sha huɗu a sama, ya ragu, ya ɓace, wani ya tsaya, na wayar yana nan jinjiri yadda yake. Ya ce wataƙila haka nasu yake.

Abin da ya fi ci masa rai ba shirun ba ne. Tunanin cewa ta bi umarninsa ne. Shi ya ce ta bar kiran, ta kuwa bari, don shi ya koya mata jin magana.

Ranar Asabar bayan Juma'a ta tara, yana kwance a gindin goruba da hantsi, ya ji gwangwanaye sun yi ƙara ba irin ta iska ba. Sai ga goshin wani kwale-kwale ya leƙo daga cikin kacala, wani mai ƙiba a ciki yana haki, ya jiƙe sharkaf.

"Sarkin Ruwa! Kana raye ko in juya?"

Munzali ne. Shekara talatin rabonsa da riƙe gora, kuma bai taɓa shigowa ta wannan hanyar shi kaɗai ba. Aron jirgi ya yi a gaɓa, ya bi farin tsumma, ya kauce wa ja, har ya iso. Da ya matso ya ga yadda abokinsa ya koma, sai ya bar wasan. Ya zauna a bakin tabarma.

"Shu'ibu, me yarinyar nan ta yi maka da zafi haka? Jiya ta zo har rumfata tana kuka a gaban mutane. Ta ce in zo in roƙar mata gafara. Juma'a tara tana kira kana ƙin ɗauka."

Shu'ibu ya yunƙura ya tashi zaune. "Wa ke kira?"

"Bara'atu mana. Ni ma na kira ka sau biyu. Da ba ka ɗauka ba na ce sabis ne, na shiga harkokina." Ya kau da kai. "Da na zo tun lokacin."

"Ba ta yi ƙara ba, Munzali. Wallahi ko sau ɗaya. Kullum tana jikina."

Munzali ya karɓi wayar. Shi ma ba gwani ba ne, amma irinta ce a aljihunsa, kuma ya taɓa faɗawa wannan ramin har sai da mai gyaran waya ya fitar da shi. Yana ganin watan ya ce, "Inna lillahi." Ya ja labulen ƙasa, ya taɓa, watan ya ɓace. Ya taɓa da'irar mai jan ɗigo. Sunaye suka zubo.

"Karanta min," in ji Shu'ibu.

"Bara'atu, Juma'a, ƙarfe biyu da rabi."

"Sai kuma?"

"Ban da nawa biyun nan, duk ita ce, mutumina. Ga su nan a jere."

"Na ce ka karanta min. Ɗaya bayan ɗaya."

Munzali ya karanta. Bara'atu, biyu da rabi. Bara'atu, uku saura kwata. Bara'atu, biyu da rabi. Shu'ibu na lanƙwasa yatsu, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Da aka kai tara ya riƙe yatsun a dunƙule kamar wani zai ƙwace.

"Ina zaune a nan," ya ce. "Duk ina zaune a nan, tana kan gwiwata."

Can ya ce a kira ta. Munzali ya ce ai sai ta kira, yau ko gobe, tunda ya gyara. Shu'ibu ya girgiza kai. "Ka sa yatsana a wurin. Ni zan kira."

Bugu ɗaya ta ɗauka. Ba ta yi sallama ba, kuka kawai ake ji.

"Auta," ya ce. "Ke Auta. Ɗakin zauren nan, yana da taga?"

A ranar Munzali ya tsallakar da shi, shi da akuyoyinsa. Karo na farko a rayuwarsa da ya zauna a goshin jirgi wani na tura shi, yana ta gyara wa mai turawar: "Hagu, ɗan birni, ba ka ga ja ba?"

A Malam Madori, da ana mai da magana, Munzali ya faɗi abin da mai gyara ya taɓa gaya masa, cewa ko da watan nan a kai, in mutum ya kira sau biyu a jere wayar takan buɗe masa ta yi ƙara. Bara'atu ta dafe ƙirji.

"Ni in kira Yaya sau biyu a jere? Sa'ana ne? In na yi sallama sau ɗaya bai amsa ba, ai sai in koma in jira wani satin."

Shu'ibu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni na koya mata," ya ce. "Laifina ne wannan ma."

An kai shi asibiti, amma zazzaɓin ya riga ya ci jikinsa. Ba a kai ga maganar ido ba. Kwana ashirin da uku ya yi a ɗakin zauren, mai taga ɗaya da ke kallon gabas. Kullum da safe Bara'atu takan shigo ta durƙusa ta gaida shi, ta tambayi ƙafarsa, ta ba shi labarin yaran da yake jin hayaniyarsu da kunnensa, shi kuwa yana ta "Madalla, Auta." Wayar tana kan taga, bai sake taɓa ta ba. Juma'a uku ya samu a gidan. A kowace, in an sauko daga masallaci, yakan ce a kira masa ita, ko tana tsakiyar tuƙa tuwo, ta zo ta zauna a bakin ƙofa har la'asar.

Ranar Talata da hantsi ya cika, tana riƙe da kofin da ta ba shi ruwa.

Bana ruwa ya dawo, mutanen Tungar Goruba suna shiga suna fita. Sandunansa na nan, waɗansu sun karkace. Jan tsumman ya koɗe har ya kusa zama fari, kuma har yanzu ba a samu wanda ya sabunta shi ba.